MoMo ta rufe kafin a gama: gaskiya da jita-jita a Old Fadama

A Old Fadama, bakin tafkin Korle a Accra, da yawa daga cikin mata 'yan dako da ake kira kayayei ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, suke aika kuɗi gida Tamale ko Walewale. Mace za ta danna *170#, ta tsaya lalubo lambar ƙanwarta a takarda, kafin ta ɗago kai shafin ya ɓace. Haka manhajar banki ke yi wa 'yan kasuwar Nima da Maamobi: a ajiye waya a tafi salla, a dawo ta ce a sake shiga. Kowa kuma da fassararsa.

Wasu na cewa alamar kutse ce. Ba haka ba ne. Da zarar mutum ya shiga, babbar kwamfutar kamfanin kan ba wayarsa shaida ta ɗan lokaci. Idan aka jima ba a taɓa komai ba, sai ta soke ta, kamar yadda mai shagon MoMo ke kulle durowa kafin ya tafi alwala. OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhajoji, ta ba da shawarar minti 2 zuwa 5 ga manhajoji masu haɗari irin na kuɗi, 15 zuwa 30 ga sauran.

Batun cewa kuɗi sun salwanta kuwa, da sauran bayani. Muddin ba a sa lambar sirri ba, ko sisi bai fita ba. Idan bayan an sa ta ne shafin ya katse, mai yiwuwa kuɗin sun tafi, don haka a jira saƙon tabbaci ko a duba abin da ya rage. Mai gaggawar maimaitawa yana iya biya sau biyu.

Akwai zancen da yake gaskiya: rufe shafi a kwamfutar shagon intanet ba fita ba ne. Shaidar tana iya zama da rai, wanda ya hau kujerar daga baya ya tarar da asusun a buɗe. Sai an danna maɓallin fita.

Ƙarya mafi cutarwa ita ce ta masu kira suna cewa asusu ya mutu, a karanto musu lambar sirri su farfaɗo da shi. Fitar da mutum daga manhaja ba ta rufe asusu, kuma ma'aikacin kamfani ba ya tambayar lambar sirri. Wanda aka yi wa irin wannan kira yana iya kai ƙara ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda dokar 2020 ta kafa, ta lambar 292.