Daga Gonar Fagam Zuwa Tukunyar Birni: Me Waya Za Ta Iya Yi?

Kowace shekara idan kaka ta yi, manomin Fagam da na sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu yakan ɗaure buhunan dawa, gero, wake da riɗi ya nufi kasuwar Sara ko wadda ta fi kusa da shi. A lokacin nan hatsi ya cika ko'ina, farashi kuwa ya faɗi. Amma ga kuɗin makaranta, ga bashin taki, ga hidimar gida, tilas ya sayar. Sa'ad da damina ta yi nisa rumbu ya ƙare, sai ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin nan da tsada. Matar da ke awo a Kano ko Dutse ita ma kuka take yi. To, 'yan'uwa, ina ribar take tafiya?

Tsakanin gona da tukunya akwai hannaye da yawa: ɗan kwarami mai saye a ƙauye, dillali mai cin la'ada, 'yan dako, mai mota, babban ɗan kasuwa a Dawanau ta Kano, sa'an nan mai awo a unguwa. Domin wannan ne matasa masu ilimin kwamfuta suke ta maganar buɗe kasuwa a intanet, watau wurin da manomi zai rubuta abin da yake da shi da farashinsa, mai saye kuma ya gani ta wayarsa ya biya kai tsaye.

Ba yau aka fara wannan tunani ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, gwamnatin tarayya ta riƙa aika wa manoma saƙo ta waya domin su karɓi taki da iri a kan rangwame. A Jamhuriyar Nijar kuwa, wata masaniya 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006, ta ga cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, gama 'yan kasuwa sun riƙa sanin inda hatsi yake araha da inda yake tsada. Sai dai binciken da ya biyo baya bai ga kuɗin da manomi yake karɓa ya ƙaru ba. Dalili a fili yake. Mutumin da yake da buhu uku, ba shi da mota, bashi kuma yana jiransa, ko ya ji farashin Dawanau, a kasuwar garinsu zai sayar.

A ƙasar Kenya, kamfanin Twiga Foods ya fara a 2014 yana haɗa manoman ayaba da masu ƙananan shaguna a Nairobi. Bai tsaya ga waya kaɗai ba, sai da ya tanadi motoci da wuraren tara kaya, kuma nauyin hidimar ya sa ya rage ma'aikata a 2023. Wannan ya nuna mana cewa aikin da ɗan kwarami yake yi, wato tara kaya, biyan kuɗi nan take, sufuri da ɗaukar asara, ba ya ɓacewa don an buɗe kasuwa a intanet. Dole wani ya yi shi.

Saboda haka, kafin waya ta amfane mu, akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu shirya.

Na fari shi ne haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoma ashirin masu buhu biyar biyar sun tara buhu ɗari, sun isa su yi hayar mota, su yi ciniki da makarantar kwana ko gidan abinci. Yadda mata suke riƙe adashi da amana, haka ƙungiyar manoma take bukatar ma'aji da magatakarda masu gaskiya.

Na biyu, ajiya. A Nijar manoma sukan tara hatsi a sito ɗaya su kulle, su karɓi rance a kansa, su sayar bayan farashi ya tashi. Ga wake kuwa, akwai buhun PICS mai ninki uku wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Idan an ɗaure shi sosai iska ba ta shiga, ƙwari sukan mutu ba tare da magani ba.

Na uku, mudu ɗaya da kaya mai tsabta. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma mai saye ta waya ba zai sa hannu cikin buhu ba. Idan ya tarar da tsakuwa a ƙasa sau ɗaya, ba zai sāke dawowa ba. Mu tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wanda ya zuba guba a wake domin ya ajiye shi, 'ya'yan wani ne za su ci.

Na huɗu, kula da gonar kanta. Mai saye na dindindin yana son kaya bana da baɗi. Gonar da ake juya mata shuka, dawa bana, wake ko gyaɗa baɗi, ana kai mata takin dabbobi, ana barin gawo da ɗorawa a tsaye, ita ce take iya cika wannan alkawari.

Ga 'ya'yanmu masu son gina irin wannan kasuwa, shawararmu ita ce su zauna da manoma tukuna. Su yi ta da Hausa, ta yi aiki a ƙaramar waya, ta karɓi saƙon murya domin wanda bai yi karatu ba. Su fara da amfani ɗaya, ƙungiya ɗaya da masu saye kaɗan, a kuma bayyana wa kowa nawa ne na mota, nawa ne na dako, nawa ne ya isa hannun manomi. Mu manoma kuwa, shirin kakar bana tun yanzu ake fara shi, kafin a kai ga sussuka.