Me Ya Sa Masu Hawan Tsaunukan Kosika Ke Yin Sammako?

Idan ka duba taswirar Tekun Bahar Rum, yamma da Italiya, za ka ga manyan tsibirai biyu, ɗaya a saman ɗaya. Na saman shi ne Kosika, mahaifar Napoleon, kuma yana ƙarƙashin Faransa. Faɗinsa bai kai rabin jihar Kano ba, amma kusan duk tsauni ne. Ƙololuwarsa, Monte Cinto, tana da tsayin mita 2,706, wato ta ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. Kuma daga wannan ƙololuwa zuwa bakin teku bai wuce kilomita 25 ba. Ka riƙe wannan kusancin, don shi ne tushen duk bayanin da zai biyo.

Duk shekara, daga Yuni zuwa Satumba, dubban mutane na zuwa don bin wata hanyar ƙafa mai suna GR20. Tsawonta kimanin kilomita 180 ne, daga garin Calenzana a arewa zuwa Conca a kudu, kuma yawanci kwana 15 ko 16 ake yi a kanta. Fentin ja da fari da aka shafa a jikin duwatsu ake bi, a kwana a ɗakunan da aka gina a kan hanya, wasu wuraren ma sai an kama sarƙa ake haurawa. Wasu kuma ba hawa ke kawo su ba, gangara ce: su sa hular kwano da rigar ruwa, su bi cikin kwazazzabo, nan su sauka da igiya, can su yi tsalle su faɗa tafki.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, waɗannan mutane da suka zo hutu, tun da asuba suke ɗaure jaka. Me suke gudu? Zafin rana yana ciki, amma babban abin tsoron shi ne hadari.

Ga yadda abin yake. Da rana ta fito, ƙasa da dutse sun fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Iskar da ke kan tsibirin sai ta yi ɗumi, ta yi sauƙi, ta tashi sama, ita kuma iskar teku mai ɗauke da danshi ta kwararo ta maye gurbinta. To, Kosika tsibiri ne, saboda haka iskar ba ta gefe ɗaya take shigowa ba. Ta gabas na zuwa, ta yamma na zuwa, kowacce na hawa gangaren da ke gabanta, su yi karo a gadon bayan tsaunukan da ya ratsa tsakiyar tsibirin. Daga nan ba su da hanya sai sama. Iska kuwa idan ta hau, sai ta buɗe ta yi sanyi, tururin da ke cikinta ya koma ɗigon ruwa. Shi wannan komawar yana sakin zafi, zafin kuma ya ƙara tura iskar sama. Haka gajimare ke ciyar da kansa har ya yi tsiri, ya kai tsayin kilomita goma ko fiye. Hadarin marece da muka sani da damina ma haka yake haɗuwa, sai dai a can tsauni na taimaka masa, kuma a daidai kan hanyar matafiya yake tsayawa. Garin da ya waye tangaran yana iya rikicewa bayan azahar, alhali masu wanka a bakin teku ko ɗigo ba su gani ba. Ba kullum ne hakan ke faruwa ba, amma yana yawan faruwa.

Sanyi ma yana yaudarar baƙo. A matsakaici, duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6.5. Idan a bakin teku digiri 30 ne, a mita 2,500 za ka tarar da 14 ko kusa da haka, kafin a yi maganar iska. Ƙara da jiƙaƙƙun kaya, tun da ruwa ya fi iska janye ɗumin jiki sau ashirin da wani abu, sai ka ga mutum na karkarwa a tsakiyar Agusta. A watan Yuni ma akan tarar da sauran dusar ƙanƙara a wasu mashigai.

Amma a ganina abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne inda ruwan ke zuwa bayan ya sauka. Mafi yawan Kosika dutsen giranit ne, ɗan'uwan Dutsen Kufena na Zariya. Duk wanda ya taɓa ganin ruwan sama a kan falalen dutse ya san ba ya tsayawa, balle ya nutse. A can sama ƙasar da ke kan dutsen 'yar kaɗan ce, gangaren kuma a miƙe yake. Bari mu yi ɗan lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in kilomita ɗaya, lita miliyan ɗaya ne. A ce hadari ya zubar da milimita 30 a kan murabba'in kilomita 10, ka ga lita miliyan 300 ke nan, wato tankar mai mai cin lita 33,000 sama da dubu tara. Kaso mai yawa na wannan ruwa zai bi ta kwazazzabon da faɗinsa a wasu wurare bai fi ɗaki ba. Kuma kowace lita dubu nauyinta tan guda ne, ga duwatsu da itatuwa da take turowa.

Mugun abin shi ne, wanda ke cikin kwazazzabo ba ya ganin sararin sama sai ɗan tsiririn da ke bisa kansa. Ana iya tafka ruwa a can sama, shi yana cikin rana. Mutanenmu na karkara sun san wannan: rafi busasshe kan kawo ruwa ba tare da an yi ko yayyafi a garin ba. Ranar 1 ga Agustan 2018, irin wannan ambaliya ta rutsa da wata tawaga a kwazazzabon Zoicu, kusa da ƙauyen Soccia, mutum biyar suka rasu, har da jagoransu da wata ƙaramar yarinya. Shi ya sa jagorori ke duba hasashen yanayin duk yankin da ke zubo ruwa cikin rafin, ba na inda suke tsaye kaɗai ba, kuma da ruwa ya fara gurɓacewa ko ya ɗauko ganyaye, sai a nemi tudu.

Ga aradu kuma, akwai ɗan ma'auni da kai ma zai yi maka amfani a gona. Sauti na cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, ka raba uku. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin na cikin kilomita goma, kuma wanda ke tsaye a ƙololuwa shi ne abu mafi tsayi a wurin.

Ita kanta GR20 hadari ya sauya mata hanya. A da tana bi ta wani kwari mai zurfi da ake kira Cirque de la Solitude, wato kwarin kaɗaici. Ranar 10 ga Yunin 2015, ruwa mai ƙarfi ya jawo zaftarewar ƙasa da duwatsu a cikinsa, matafiya bakwai suka rasa rayukansu. Bayan haka aka cire kwarin daga hanyar, aka karkatar da ita ta Pointe des Éboulis, a kafaɗar Monte Cinto, a tsayin mita 2,607. An kauce wa wancan kwarin, amma sabuwar hanyar ta fi tsayi kuma ba mafaka a samanta, don haka a wannan zangon wasu da fitilar goshi suke fita, tun gari bai waye ba.