Uwargida, Juya Ganyen Kafin Ki Ƙara Ruwa

Kwanakin baya na sauka gidan wata ƙanwata a Jega, na tarar da ita cikin jimami saboda tsiron lemun tsamin da ta shekara biyu tana reno a tsohon bokiti. Ganyen ya yi rawaya yana zuba, ita kuwa safe da yamma sai ta ɗura masa ruwa, wai ƙishi ne. Da na juya ganye ɗaya, sai ga wasu fararen abubuwa kamar auduga sun maƙale a gindinsa, tururuwa na ta safa da marwa a kai.

Ƙwari ne masu tsotson ruwan jikin tsiro. Suna fitar da wani ruwa mai danƙo da zaƙi, shi tururuwa ke bi, shi ne kuma yake jawo baƙin da kike gani a ganye kamar hayaƙin fitila. Kada ki raina su. Danginsu ne suka nemi ƙarar da rogo a Afirka tun daga shekarun 1970, har sai da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Kudancin Amurka ya cinye su. Darɓa kuma kore ce ko baƙa, a sabon toho take taruwa. Idan kin ga saƙa kamar yanar gizo da hunturu, wasu jajayen ƙwari ne da ido da ƙyar yake ganinsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne har ta aika a karɓo mata ragowar maganin feshin albasa daga Aliero. Haba 'yar uwa! A tsakar gidan da yara ke rarrafe, ga randa, ga zogalen da za a tsinka a yi kwaɗo?

Sai muka janye bokitin nesa da sauran tsirrai, muka yanke rassan da suka lalace muka ƙone, muka goge sauran da tsumma. Muka narka sabulun salo, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, muka yayyafa har bayan ganye bayan la'asar, don zafin rana yana ƙona jiƙaƙƙen ganye. Washegari muka bi shi da ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya aka tace. Na ce ta maimaita duk mako har sau uku, saboda ƙwayayen da ba su ƙyanƙyashe ba.

Ashe bokitin ma ba shi da huji, saiwar ta fara ruɓewa. Muka huda shi, muka sauya ƙasar da mai yashi da ɗan busasshen taki. Yanzu sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasa ta bushe kafin ta ba shi ruwa. Jiya ta bugo mini waya, ta ce ya fitar da sabon toho huɗu.