Kafin A Kai Ga Mari

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a Rigasa, cikin garin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, akasarinsu samari da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya. Ba a yi wata guda ba aka bankaɗo irinsa a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi, don a shiryar musu da 'ya'yan da suka gagara. Akasarin iyayen nan ba mugunta ce ta kai su ba. Sun farga a makare ne, kuma sun rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Ciwon ƙwaƙwalwa ba ya farawa da jifa ko tsince-tsince a bola. Yakan fara da saurayin da ya ɗauke ƙafa daga majalisar abokai, ya ƙule a ɗaki, ko budurwar da za a ajiye wa tuwo a dawo a tarar ya sandare a kwano, ta kwana ido biyu, da safe ta ce kanta ke sarawa. In yaro ya daure ya ce ransa a ƙuntace yake, amsar a bakin kowa take: "Kai da ba ka ajiye iyali ba, tunanin me kake yi?" Wani ya ce raunin tawakkali ne, wata ta ce sammu ne ko iskoki. Addu'a kam wajibi ce, amma mai zazzaɓin cizon sauro ma yana yin ta, kuma ba wanda ke hana shi shan magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da fargaba na kan gaba. Wanda ba a saurare shi a gida ba yakan nemo wa kansa magani a lungu. Rahoton 2018 na binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi ya gano mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Ƙuncin da ke tura wasu matasan ga kwalbar yana nan inda yake.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware, Dawanau da Maiduguri sun yi wa ɗan ƙauye nisa, ga kuma gorin da ke biyo baya: a ji an taɓa kai 'yar gida Dawanau ya isa ya kori manema. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma har yau ba a ga tasirinta a asibitin unguwa ba.

Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Ya riƙa sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwan da ke jinyarsa, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Irin wannan Arewa ke buƙata: gwamnatocin jihohi su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa, malaman ruƙiyya kuma su san lokacin da za su ce wa uba, "Alhaji, a haɗa da asibiti."

Uban da ɗansa ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba walwala, ya zaunar da shi ya saurare shi ba tare da faɗa ba, sannan ya kai shi ga likita. In kuwa yaron ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, kada a bari a kwana.