Harajin Kuɗin Shiga: Lissafin Da Ke Jiran Fataken Arewa A Fatakwal, Anacha Da Inugu

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki, ta kuma gaji Dokar Soja mai lamba 104 ta 1993 wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana tafiyar da harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane. Ga ma'aikacin da ake yanke masa haraji daga albashi, sauyin bai wuce abin da zai gani a takardar biya ba. Amma ga ɗan kasuwar Arewa da ke zaune a titin Bida na Anacha, ko Ama Awusa ta Inugu, ko Oyigbo da ke bakin Fatakwal, babu mai yi masa lissafin sai shi kansa, in kuwa bai yi ba jami'in haraji zai yi masa da kintace.

Abu na farko da ke rikita fatake shi ne inda ake biya. Yawancinsu sun taso da labarin harajin kai da jangali, waɗanda ake biya a gida ta hannun mai unguwa da dagaci, har Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna bayan sun hau mulki a 1979. Wannan tarihi ya bar tunanin cewa haraji hakkin garin haihuwa ne. Doka ba ta kallon abin haka. Harajin kuɗin shiga na jihar da mutum yake zaune ne, kuma tun dokar 1993 an fayyace cewa mai gida biyu a jihohi daban-daban, gidan da ya fi kusa da wurin sana'arsa ake ɗauka. Saboda haka mai iyali a Wudil da ɗakin haya a Anacha, wanda kullum a can yake buɗe shago, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Anambra ce ke binsa, ko da sallah biyu da damina duk a gida yake yinsu.

Na biyu, tikitin kasuwa ba harajin kuɗin shiga ba ne. Kuɗin rumfa, kuɗin mayanka da kuɗin sauke kaya wata hanya ce daban, kuma Dokar Soja mai lamba 21 ta 1998 ta rarraba irinsu tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi, ta kuma haramta tare hanya domin karɓar haraji, ko da yake duk direban da ya taɓa sauko da shanu daga Potiskum ya san iyakar tasirin wannan hani. Mai tarin tikiti a aljihu yana iya rantsewa ya biya, alhali a littafin jiha ko kwabo ba a rubuta masa ba. Amfanin tikitin shi ne a adana shi, domin ya shiga cikin kuɗin da aka kashe wa sana'a.

A nan ne gwaɓin maganar yake, domin riba ake yi wa haraji, ba ciniki ba. Sabon jadawalin ya yafe Naira 800,000 ta farko a shekara. Daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 cikin 100 ne, zuwa miliyan 12 kashi 18, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura kuma kashi 25. A ɗauki mai sayar da albasa wanda, bayan cire kuɗin sari, mota, lebura da hayar shago, ya tsira da miliyan 3 a shekara. Harajinsa kashi 15 ne na miliyan 2 da dubu 200, wato Naira 330,000, ko 27,500 a wata. Idan yana biyan hayar gida Naira 600,000 kuma ya bayyana ta, doka ta yarda ya cire kashi 20 cikin 100 na hayar (muddin bai wuce 500,000 ba), sai harajin ya sauko zuwa 312,000. Rangwamen ba shi da yawa, amma ba a samunsa sai da shaidar biya, kuma haya a irin waɗannan unguwanni sau da yawa hannu da hannu ake ba da ita.

Dillalin shanu a kasuwar Gariki ta Ugwuoba ya fi kowa shiga haɗari. Kuɗin masu dabbobi na Arewa ta asusunsa suke bi, ya karɓa daga mahauta ya tura gida, shi kuwa la'ada kaɗai ce tasa. Sana'ar gaba ɗaya a kan amana da bashi aka gina ta, kuma ta daɗe tana tafiya ba tare da takarda ba. To amma jami'in da ya ga miliyoyi suna shiga suna fita ba shi da hanyar bambance amana da riba, sai in an nuna masa. Asusu biyu, ɗaya na kuɗin mutane ɗaya na la'ada, da littafi mai ɗauke da ranar ciniki, sunan mai kaya da abin da aka tura masa, sun fi doguwar muhawara a ofis tasiri. Ko da ajami aka rubuta, ya fi babu.

Akwai kuma abubuwan da fatake ke ɗauka za a rage musu, ba kuwa a ragewa. Kuɗin da ake aika wa iyali, gudummawar biki da zakka ba sa cikin jerin da doka ta amince a cire, wanda ya ƙunshi irin su fansho, inshorar lafiya ta ƙasa da inshorar rai. Zakka kashi 2.5 ce ta dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, haraji kuwa a kan ribar shekara yake, don haka kowanne yana bukatar nasa tanadi. Mai hikima yakan ware na haraji a watannin da kasuwa ke ci, kamar gab da Kirsimeti lokacin da Kudu ke cike da masu dawowa gida, maimakon ya jira watan da za a nema ya taɓa jari.

Wa'adin miƙa bayanin kuɗin shiga na shekarar da ta gabata shi ne 31 ga Maris. Wanda bai miƙa ba, hukuma na da ikon yanka masa abin da ta ga ya dace, kuma kwana 30 gare shi daga karɓar takardar ya rubuta ƙin amincewa. In wa'adin ya wuce yana can gida wajen noma, adadin ya zauna, kuma sai ya biya shi kafin ya sami takardar shaidar biyan haraji da ake nema wajen kwangilar gwamnati da takardun fili.