Yadda atisayen fisiyo ke rage zogi bayan tiyatar ƙara girman nono

Tun shekarar 1962, lokacin da likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara dasa jakar silikon a ƙirjin mace a birnin Houston na Amurka, tiyatar ƙara girman nono ta bazu a duniya. Wasu matan don kwalliya suke yi, wasu kuma don maye gurbin nonon da aka cire saboda cutar daji.

Abin da ba a cika faɗa wa mace kafin ta shiga ɗakin tiyata ba shi ne, ba a ranar da aka ɗinke ake gama aikin ba. Makonnin da ke biyo baya su ne ke nuna ko za ta koma ɗaga hannu kamar da, ko kuwa za ta daɗe da sagewar kafaɗa da zogi.

Daga ina ciwon ke fitowa?

Likita na iya sanya jakar a saman tsokar ƙirji ko a ƙarƙashinta. Idan a ƙarƙashi ne, ciwon ya fi tsanani, domin sai an ɗaga tsokar, ita kuma ta riƙa ɗaurewa tana matse abin da aka saka mata. Ga kumburi, ga fata da aka miƙar. Ƙananan jijiyoyin da ke fitowa ta tsakanin haƙarƙari su ma suna jin jiki, shi ya sa wasu ke jin tsira kamar allura, ko fatar ta mutu ba ta jin taɓi.

Ciwon ya fi zafi a kwanakin farko. Saboda tsoronsa sai mace ta ranƙwafa, ta manne hannu da jiki, ta riƙa jan numfashi sama-sama. Kafin a ankara wuya da kafaɗa da gadon baya sun ɗauki nasu ciwon. A nan ne likitan fisiyo, wanda aka fi sani da likitan gashin ƙashi, ke shigowa.

Makon farko

Atisayen farko shi ne numfashi. Ki zauna a jingine, ki ja iska a hankali ta hanci har haƙarƙari su buɗe, sannan ki fitar ta baki. Yana buɗe huhu bayan maganin barci, yana kuma sassauta tsoka.

Na biyu shi ne tattaki a cikin gida, ko da na 'yan mintuna ne sau da yawa a rana. Yana hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, haɗarin da ya fi yawa ga waɗanda suka je ƙasashe irin su Turkiyya suka yi aikin, sannan suka zauna sa'o'i a jirgi.

Sai juya kafaɗu baya a hankali, da lanƙwasa gwiwar hannu, da kwanciya rigingine an tallafi baya da matasai. Rigar nono ta musamman da likita ya bayar tana rage motsin da ke tayar da zogi.

A yi hattara da ruwan zafi

A al'adarmu, duk inda ya yi ciwo sai a ce a gasa shi. Ban da nan. Fatar da ba ta jin taɓi tana iya ƙonewa mai ita ba ta sani ba, kuma zafi na ƙara kumburi. Sanyi ya fi dacewa, idan likita ya amince: a naɗe ƙanƙara cikin tawul, a ɗora kamar minti 15, kada ta taɓa fata kai tsaye.

Daga mako na biyu zuwa na shida

A hankali ake ƙara ɗaga hannu. Sananniyar dabara ita ce ki fuskanci bango, ki riƙa hawa da yatsu har inda kika ji ja, ki tsaya kafin ya zama ciwo. Ɗaukar bokitin ruwa, daka, wanki da ɗaga yaro sai an jinkirta su kimanin mako huɗu zuwa shida, gwargwadon umarnin wanda ya yi aikin.

Likitan fisiyo na iya yin tausa mai laushi da ke kora ruwan kumburi. Akwai kuma na'urar TENS, wadda ke aika ɗan lantarki ta fata don dusashe saƙon ciwo. Ba a ɗora ta a kan rauni, kuma ba a amfani da ita ga mai na'urar daidaita bugun zuciya.

Tausar tabo sai rauni ya rufe gaba ɗaya. Matsa jakar kanta kuwa ba kowa ake ba shawarar yi ba, musamman idan mai kaushin baya ce aka dasa.

Lokacin da atisaye ba zai wadatar ba

A garzaya asibiti idan nono ɗaya ya kumbura farat ɗaya, ko aka ga zazzaɓi da mugunya, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Idan bayan watanni nonon ya taurare ya sauya siffa, mai yiwuwa tabon da jiki ya kewaye jakar da shi ne ya tsuke, kuma wani lokaci sai an sake tiyata.

Ciwon da ya wuce wata uku shi ma na buƙatar a sake dubawa. A Najeriya, asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano suna da sashen fisiyo, kuma hukumar MRTB ce ke yi wa ma'aikatan rajista. Kafin ki bari wani ya taɓa miki wurin aikin, ki tabbatar yana da lasisi, kuma ya san irin jakar da aka dasa da inda aka sanya ta.