Babban Mutum Ya Yabi Littafi, Malami Ya Karanta Shi Tukuna

A ƙasar Amurka akwai wata mace mai suna Oprah Winfrey wadda ta shahara wajen hira a talabijin. Cikin 1996 ta kafa ƙungiyar karatu, watau ta ɗaga littafi guda ta ce jama'a su karanta, sa'an nan a taru a tattauna. Abin ya karɓu ƙwarai. Cikin 2004 ta zaɓi Anna Karenina na Tolstoy, littafin da ya shige shekara ɗari, sai ga shi ya hau kan littattafan da aka fi saye. Cikin 2010 kuma ta zaɓi biyu na Charles Dickens.

To, a nan magana ta taso. Dickens ya yi suna wajen tausayin marayu da matalautan Ingila, amma cikin 1857, da sojojin Indiya suka yi wa Turawa bore, ya rubuta wasiƙa yana cewa da shi ne shugaban yaƙi a can da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya shafe al'ummar nan. Mai sayen littafi don wata babba ta yaba ba ya jin wannan, sunan mai yabon ya rufe masa ido.

Akawuna su ma suna da nasu rabon. Joyce Cary ya yi aikin mulki a Borgu, cikin 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu a Arewacin Nijeriya, wanda aka siffanta kamar yaro mai dariya marar tunanin gobe. Turawa suka yi ta yabo. Chinua Achebe ya karanta shi a Ibadan, ransa ya ɓaci, ya kuwa faɗa cewa yana cikin abin da ya sa ya ɗauki alƙalami. Things Fall Apart ya fito 1958.

Kada mu tsaya kan na Turawa, mu dubi namu, gama Katsina ce ta goya su. Cikin 1933 Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara wanda ya zama Walin Katsina, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mun karanta su muna yara, mun koyar da su, har yau kuwa ba mu ga Hausar da ta fi tasu zaƙi ba. Duk da haka Ganɗoki yana ƙirga yaƙi da waɗanda yake kira arna cikin aikin bajinta, a ƙarshe kuma ya koma yana sha'awar zamanin Turawan da ya yaƙa. A Ruwan Bagaja baƙauye shi ne abin dariya. Shaihu Umar kam ya nuna zafin bauta, uwa tana bin sawun ɗanta har ita ma aka bautar da ita, amma harin bayi yana cikinsa kamar aikin fada na yau da kullum. Zamaninsu ke nan, ba mu ce a zarge su da rashin ganin namu ba.

Dalilin da ya sa muka ɗauko zancen nan shi ne Batsari da Safana. Ƙasar nan tana gefen dajin Rugu, ta sha wuyar 'yan bindiga, kamar harin da aka kai Tsauwa da Dankar cikin 2020, makarantu da yawa kuma sun yi zaman rufe. Abin da ya fi ciwo shi ne zargin da ya shiga tsakanin manomi da makiyayi, mutanen da kakanninsu suka yi musayar gero da nono. A aji guda za a iya samun ɗan Bahaushe da ɗan Bafillatani da yaron da aka taɓa sace wa ɗan'uwa. Barkwancin Bafillatani ko Bamaguje da muka gada cikin labarai, wanda dā wasa ne tsakanin maƙwabta, in malami ya karanta shi a nan ba tare da bayani ba, wani yaro zai sunkuyar da kai, wani kuwa ya koma gida da sabon zagi.

A ƙauye hedimasta shi ne mai ɗaga littafi, abin da ya yaba shi yara za su riƙe. Waɗansu sun ce a janye littattafan. Mu ba mu yarda ba. An ƙona littattafan Hausa a Kano cikin 2007, ba mu ga tarbiyyar da aka samu cikin tokar ba, ga shi kuma yaron Runka da bai karanta Imam ba an rage masa gadonsa.

Abin da muke nema ga ɗalibanmu masu koyon aikin malanta kaɗan ne. Kowa ya karanta littafin tun daga farko har ƙarshe kafin ya shiga aji, ya sa alama a wurin da zai taɓa wani yaro. In an zo wurin kada ya tsallake. Ya rufe littafin, ya faɗi shekarar da aka rubuta shi da wanda ya sa aka rubuta, sa'an nan ya tambayi yara yadda labarin zai zama da baƙauyen ne ya bayar da shi, ya ba su takarda su rubuta.